Darasi: Tunkuzar Zogale Ba Shara Ba Ce

'Yan'uwa matasa, mun karanta a babin tsarki cewa ruwan da lakar kogi ta jirkita launinsa yana halatta alwala. To amma sha fa? Tun da daɗewa matan karkarar Sudan suke kwantar da lakar ruwan Nilu da garin 'ya'yan zogale. Tunkuzar da mukan zubar bayan matse mai ma tana wannan aiki. Mu dama garinta, kimanin na ƙwaya 1 ga kowace lita, mu motsa sosai, mu bari awa 1, sannan mu tsiyaye. Sai dai garau ba shi ne lafiya ba, dole mu tafasa, domin ba ta kawar da dukkan ƙwayoyin cuta. Ragowar tunkuzar kuwa mu kai lambu, taki ce.