Amsar Tambaya: Albashi Mai Tsoka Ko Wanda Zai Sa Hannu?

Tambaya: Na gama jarrabawar akanta ta ACCA. Wani kamfanin rarraba kaya ya yi mini tayin albashi mai tsoka, na wani ƙaramin ofishin binciken kuɗi kuwa bai kai ba. Wanne zan karɓa?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin maganar albashi, tambayi kowannensu wa zai sa hannu a kan aikinka. Kafin ka zama memba, ACCA na buƙatar watanni 36 na aikin akanta da cika sharuɗɗa 9, kuma ƙwararren akanta mai rajista ne zai tabbatar. In kamfanin yana da irinsa, kuma za ka riƙa haɗa rahoton kuɗi da lissafin haraji, karɓi tayinsu. In shigar da rasit kawai za ka yi, ni ƙaramin ofishin zan zaɓa maka. Ka nemi alkawarin sa hannun a rubuce.