Kumfar da Likita Ke Ɗura wa Jini da Gangan

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi ya san wannan fargabar. Ana yi wa ɗan'uwanka ƙarin ruwa, ka zuba wa robar ido, ka hango ɗan kumfa yana gangarowa, sai ka zabura kana kira, "Malama nas, iska za ta shiga!" Tsoron yana da tushe, domin iska mai yawa in ta afka jijiya gaba ɗaya tana iya tare hanyar jini, ko da yake ɗan ɗigon da ake gani a roba bai kai nan ba. To, jama'a, ku sani akwai wata kumfa da likita ke ɗurawa a jijiya da gangan, don ya ga abin da ya ɓoye masa.

Sai mu fara da hoton sikanin, wanda kusan kowace mai awo ta sani. A shafa wa ciki wani mai mai sanyi, a goga kan na'ura. Ba wuta ba ce ke shiga jiki, sauti ne siriri wanda kunnenmu ba ya ji. Yana shiga, ya bugi hanta ko ƙoda ko ɗan tayi, ya dawo kamar amsa-kuwwa a gindin dutse, na'ura ta mai da shi hoto. Da irin wannan dabarar jemage ke yawonsa cikin duhu. Matsalar ita ce jini ba ya mai da amsa sosai, sai ya fito baƙi a allo, ƙananan jijiyoyi kuwa su ɓace.

A shekarar 1968 wasu likitoci biyu a Jami'ar Rochester ta Amurka, Raymond Gramiak da Pravin Shah, suna duba zuciya da sauti, suka lura duk sa'ad da aka ɗura wani ruwa a jini sai allo ya yi fari kamar hazo. Aka bi diddigi, ashe 'yan ƙwayoyin iska ne da ke cikin ruwan. Kumfa cikin jini ƙara wa sauti ƙarfi take: sautin ya matse ta, ta koma ta kumbura, sau miliyoyi a daƙiƙa guda, kamar kalangu a hammatar makaɗi, tana mai da amsa da ƙarfi. Amma kumfar iska zalla nan da nan take narkewa. Shi ya sa masana suka yi mata riga ta wani kitse mai laushi, suka cika ta da iska mai nauyi wadda ba ta saurin narkewa a jini. Ɗaya daga cikin irinta, SonoVue, ta sami izinin shiga asibitocin Turai a 2001.

Ƙanƙantarta ita ce amincinta. Yawancin ƙwayoyin ba su kai girman ƙwayar jini ja ba, saboda haka duk lungun da jini ya ratsa su ma suna ratsawa, ba sa toshewa. Abin da ake ɗurawa bai wuce rabin cokalin shayi ba. Bayan 'yan mintoci sai su farfashe, iskar ta fita ta huhu tare da numfashi. Ba ruwanta da ƙoda, wanda babban sauƙi ne ga masu ciwon ƙoda da ake jin tsoron yi musu allurar wasu manyan hotuna.

Inda abin ya fi shafar mu shi ne hanta. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Arewa, ga kuma gubar funfuna da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi. Su biyun suna jawo dajin hanta. Sau da yawa a yi wa mutum sikanin a ce an ga ƙari a hantarsa, a tura shi asibitin Shika, ya tafi gabansa na faɗuwa. Alhali ba kowane ƙari ne daji ba. Da kumfa, likita na iya zura ido ya ga yadda jini ke shiga ƙarin. Wani irin ƙari marar illa, wanda dunƙulen jijiyoyi ne kawai, yana cika a hankali daga gefe zuwa tsakiya, yadda ruwa ke cika fangali in mai rake a fadamar Kudan ya buɗe masa hanya. Na daji kuwa yakan yi farat ya haska, sannan ya dushe tun sauran hantar na da haske. Wannan aikin manyan asibitoci ne masu ƙwararru, don maganin na da tsada, kuma ba kowace na'ura ke iya karanta shi ba. Awon ciki na yau da kullum ba ya buƙatarsa. Ni dai in an tambaye ni, allurar rigakafin ciwon hanta da ake yi wa jariri ranar haihuwa, wadda ta shiga jerin rigakafin Nijeriya tun 2004, ta fi wannan kumfar arha nesa ba kusa ba.

Masana sun kuma hango wani amfanin. In an ƙara wa sautin ƙarfi aka auna shi wuri guda, kumfar da ke wurin takan girgiza bangon jijiya har ya ɗan buɗe, magani ya tsallaka. Ƙwaƙwalwa na da shingen da ke hana yawancin magunguna shiga. A 2015, a asibitin Sunnybrook na Toronto a Kanada, aka fara buɗe shi ta wannan hanyar a jikin mai ƙari a ka. Har yanzu gwaji ake. Wanda ya zo muku kasuwar Makarfi da akwati yana cewa na'urarsa na harba magani cikin hanta, ku riƙe aljihunku.

In kuwa likita ya rubuta maka hoton kumfa, ga yadda za a yi. Za a tambaye ka ko wani magani ya taɓa ɓata maka jiki, ko kana da ciwon zuciya, mace kuma ko tana da juna biyu. A faɗi gaskiya, don jefi-jefi jikin wani yakan ƙi shi. A sa maka allura a hannu, a girgiza 'yar kwalba har ruwan ya yi fari kamar madara, a ɗura, a bi shi da ruwan gishiri. A ce ka ɗauke numfashi kaɗan. In an gama ka zauna wajen rabin awa ana lura da kai, sannan ka ɗauki hularka.