Farin Tabon da Ruwan Burtsatse ke Bari a Jikin Mota

Sana'ata wankin mota ce a Kazaure, kuma ƙorafin da na fi ji daga masu mota shi ne na waɗansu fararen ɗigo-ɗigo da ke manne wa fenti da gilashi, a wanke su da sabulu, mota na bushewa su dawo. Direbobin da ke jigila tsakanin Kano da Daura suna kawo mana wannan kuka, haka ma masu zuwa daga Roni, Gwiwa da Babura. Da yawa sukan ɗauka sabulu ne bai fita ba. Daga ruwan ne.

Yawancinmu a wannan yanki da ruwan rijiya da na burtsatse muke aiki, ko mu saya a hannun 'yan garuwa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tafe yana narkar da sinadaran dutse, musamman kalshiyam da maganiziyam. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin tsohuwar butar shayi ya ga farin ɓawon da ke taruwa a gindinta, to ya ga abin da nake nufi. Ɗigon ruwa in ya bushe a kan bonet, ruwan ne kawai ke tafiya, sinadarin yana nan zaune. Kuma rijiya ba ɗaya ba ce, ko a gari guda. Ga gwaji mai sauƙi: ɗiga ruwan a kan gilashi mai tsabta ka bar shi ya bushe. In ya bar farin zobe, ka san irin ruwan da kake wanki da shi. Irin wannan ruwa kuma ba ya yi wa sabulu kumfa sosai.

Abin da ke ƙara tsananta lamarin a nan shi ne rana. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, jikin baƙar mota kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Yaro zai watsa ruwa a rufi, kafin ya zagayo gefe guda rufin ya riga ya bushe. Da hunturu ma iska busasshiya ce, ga ƙura tana sauka a kan ɗigon tana haɗuwa da shi. Fentin motocin zamani yana da wani siririn shafi mai sheƙi a samansa wanda bai kai kaurin takarda ba. Tabon kwana biyu a saman wannan shafi yake. Wanda ya yi watanni rana tana gasa shi, ya riga ya ci cikin shafin ya bar gurbi.

Sabon tabo ba ya da wuyar sha'ani. A kai mota inuwa, a jira jikinta ya huce har tafin hannu ya iya zama a kai. A wanke ta tukuna, domin goga a kan ƙura karce ne. Sannan a samo farin ruwan khal irin na girki, a haɗa shi rabi da rabi da ruwa mai kyau, a jiƙa tsumma mai laushi a ɗora a wurin kamar minti ɗaya, a shafa a hankali, a ɗauraye sosai, a tsane nan take. Tsaminsa ne ke narkar da sinadarin. A riƙa yi fanni-fanni, ƙofa ɗaya a gama kafin a koma ta gaba, kuma a fara gwadawa a wani lungu da ido ba ya kaiwa, musamman in motar ta sha fentin gida. Khal yana wanke man sheƙin da ke kare fenti, don haka a sake shafa shi bayan an gama.

Gilashi ya fi fenti juriya, ana iya barin tsumman ya ɗan daɗe, lemon tsami ma yana aiki in an tace shi an ɗauraye da kyau. Amma akwai tabon da tsami ba ya taɓawa, wanda ke da sinadarin yashi a cikinsa. Wannan sai man goge gilashi da haƙuri. Na fi damuwa da gilashin gaba fiye da komai. Da rana ba ka ganin komai, amma da dare a hanyar Kano, fitilar babbar mota na dukansa sai hasken ya tarwatse, direba ya rasa ganin mai babur ko dabbar da ke gefen titi. Kuma sau da yawa direban da kansa yake shuka tabon, domin ruwan burtsatse yake zubawa a tankin wayifa, ya fesa da tsakar rana, gefunan da roba ba ta sharewa su bushe.

A kan fenti kuwa, in ka yi khal sau biyu, ka shafa yatsa ka ji wurin sumul amma zoben yana nan, tsaya haka nan. Gurbi ne, sai folish a hannun wanda ya iya, shi ma yana rage shafin ne kaɗan, ba abin da za a riƙa yi kullum ba.

'Yan'uwana masu wanki, don Allah mu bar abubuwan nan: asid na batir, maganin wanke masai, soson ƙarfe, toka, da reza a kan fenti. Na ga gilashin da asid ya mayar hazo-hazo, ba gyara sai canji, na ga ƙofar da soson ƙarfe ya kashe wa sheƙi, mai motar talaka ne da ita yake ci da iyalinsa. Garin sabulun wanki ma yana busar da roba, yana kwashe kariyar fenti.

Rigakafin bai kai kuɗin gyara ba. A yi wanki da sassafe ko bayan La'asar, a fara daga rufi, kada a bar ruwa ya bushe da kansa, a tanadi tawul biyu masu laushi na tsanewa kawai. Ruwan ɗauraya na ƙarshe shi ne mai muhimmanci: ruwan sama da aka tara bayan rufin gida ya wanku da saukar farko ba ya da wannan sinadari, haka wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. Ruwan dam ɗin Kazaure kuwa sai an bar shi ya kwanta an tace, saboda laka. Alhaji, in ka kawo mota kana sauri, ka ba yaro minti goma na tsanewa, ka kuma sa ya buɗe ƙofofi da but ya goge bakinsu da ƙasan madubi, don nan ne ruwa ke ɓoyewa ya tsiyayo bayan ka hau titi.