Ulun da Ya Ƙi Cin Rini: Amsar Wasiƙa daga Birchi

 Ga mu a filinku na amsa tambayoyi. Yau jakar tamu ta masu saƙa ce, domin wasiƙu uku da muka ware duk a kan ulu suke.

Ta farko daga Birchi ta fito, a ƙaramar hukumar Kurfi. Wata baiwar Allah ce, ta ce a sakaya sunanta. Ta ce: "Ina saƙa hulunan jarirai da rigunan sanyi. Bana na yi niyyar saƙa wa surukata safa, don faso na damunta da hunturu. Na sayi farin ulu, na dafa shi da ɓawon albasa da lalle, ya yi kyau a tukunya. Ina ɗauraye shi sai launin ya bi ruwa. Har sau biyu. Ina kuskuren yake?"

To Hajiya, Allah ya ba da ladan zumunci. Da ma an san za a rina, sai ga shi ke naki ya ƙi rinuwa. Laifin ba na hannunki ba ne, na zaren ne. Mafi yawan abin da muke kira ulu a kasuwanninmu ba gashin tunkiya ba ne. Zaren roba ne da ake yi a masana'anta daga sinadaran man fetur, sunan ulun kawai ya ara. Shi kuwa ba ya shan rinin ganye da saiwa, ko kwana za ki yi kina dafa shi.

Ga yadda za ki gane. Ki yanko ɗan guntu kamar tsawon yatsa, ki kama shi da cokali mai yatsu, ki kai masa ashana a tsakar gida, nesa da yara. In ulun gaske ne, za ki ji ƙauri irin na babbakar kan rago, wutar ta mutu da kanta, abin da ya saura ki murje shi ya zama gari. In na roba ne, zai narke ya dunƙule baƙi ƙirin, ya yi tauri kamar ƙonanniyar leda. Wanda ke hannunki, ki saƙa wa Inna safarta da shi yadda yake, zai tare mata sanyi. Rini kuwa, ki adana shi sai kin sami zaren da zai karɓa.

Wasiƙa ta biyu saƙon waya ne daga wata ɗaliba a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Ta ce yayarta ta kawo mata ulun gaske daga ƙasar waje, ta rina ƙulli ɗaya da galura irin ta masu rinin shadda, sai zaren ya ƙanƙance, ya cure, yana tsinkewa. Saura ƙulli biyu, tana tsoron taɓa su.

Ƙanwata, kin yi dabara da kika dakata. Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, rinin shadda da soda mai ƙarfi ake haɗa shi. Auduga tana jure mata, amma ulu gashi ne, soda cinye shi take yi. Ko kanwa in ta yi yawa tana sa shi ƙaiƙayi da rauni. Na biyu, gashin tunkiya yana da 'yan ɓawo-ɓawo a jikinsa waɗanda ido ba ya gani. In kika fitar da shi daga ruwan zafi kika tsunduma a na sanyi, ko kika yi ta cuɗa shi, sai su sarƙe da juna, kuma ba sa warwaruwa.

Ki ɗauko biro. Ki warware zaren ki naɗe shi a bayan kujera ya zama dogon zobe, ki ɗaure shi sako-sako a wuri huɗu. Ki jiƙa shi a ruwa mai ɗumi. Ga kowane giram 100 na zare, ki narka giram 10 zuwa 15 na alif, wato alam ɗin nan da ake sa wa ruwa don ya kwanta. Shi ne yake ɗaure launi a jikin gashi. Ki sa zaren, ki ɗaga wutar sannu a hankali har ruwa ya fara tururi, amma kada ya tafasa. Awa ɗaya, ki sauke, ki bar shi ya huce a ciki. Ruwan rinin kuma dabam za ki dafa shi ki tace, sannan ki maimaita wannan dahuwa ta awa ɗaya da zaren a ciki. Ki ɗauraye da ruwan da ɗuminsa ya yi daidai da na zaren, ki shanya a inuwa. Tukunyar rini kuma ta fita daga cikin tukwanen girki.

Me za ki rina da shi? Ɓawon albasa yana ba da ruwan ɗorawa mai haske. Saiwar rawaya, sunanta ma ya faɗi aikinta. Lalle yana ba da ja-ja mai ruwan ƙasa, ko ba alif yana kamawa. Karan dafi, wanda dukawa ke rina jar fata da shi, yana ba da ja. Bagaruwa in ta haɗu da ruwan da aka jiƙa ƙarfe mai tsatsa a ciki tana ba da toka-toka zuwa baƙi, amma ƙarfen kaɗan ake sawa. Zoɓo kuwa kada ya ruɗe ki da jansa, wanki kaɗan zai koma fari-fari. Kurkum ma rana tana kashe shi da wuri.

In safa za ki saƙa, giram 100 ya isa safar babban mutum ƙafa biyu. Ki rina shi duka a tukunya ɗaya, don in kika raba, da wuya launin ya zo ɗaya. Da siraran tsinkayen saƙa huɗu ko biyar ake zagayawa, idon saƙa kamar 60 zuwa 64 ga siririn zare. Saƙar ta matsu sosai, domin safa mai sako-sako ba ta kai ƙarshen hunturu. Diddige ne ke fara hujewa, shi ya sa zaren safa na kanti yakan zo da kashi 75 cikin ɗari ulu, 25 nailan. In naki zalla ne, ki haɗa shi da zaren ɗinki mai ƙarfi a diddige da kan yatsu.

Ta uku daga wani dattijo makiyayi a Kurfi. Ya ce: "Ga tumaki cike da gida, me zai hana mu aske su mu ba mata su kaɗa?"

Baba, Allah ya ƙara albarka a garke. Tumakinmu, 'Yankasa da Balami da Uda, gashinsu gajere ne mai kauri, ba ya kaɗuwa a mazari. Waɗanda suka fi shahara da ulu a yankinmu na Afirka ta Yamma su ne tumakin Masina a ƙasar Mali, waɗanda Fulanin can ke saƙa barguna da gashinsu. Ulu mai laushi na kasuwar duniya kuwa, yawancinsa daga tumakin Merino na Ostireliya yake fitowa.

Amma Baba, ba nan gizo ke saƙar ba. Safunan da suke cikin mafi daɗewa a duniya na irin wannan saƙa ta tsinke, a Masar aka tono su, na tsakanin ƙarni na 11 da na 14. Da auduga aka saƙa su, fari da shuɗi, shuɗin kuwa na baba ne. Auduga da baba, wanne ne baƙo a ƙasar Katsina? Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake jingina kafuwarta ga shekarar 1498, har yau tana aiki da baba da toka. Rinin baba ba ya bukatar alif, kuma auduga tana shan sa sosai. Safar auduga ba ta kai ta ulu ɗumi ba, amma ga sanyin asuba irin namu da kare ƙafa daga faso, ta wadatar.

Don haka Hajiya ta Birchi, in ulun gaske ya yi wuyar samu, ki nemi zaren auduga mai kauri ki kai wa marina. Kafin ki sa kowane zare a tukunya kuma, ki fara gwada shi da ashana. In safar Inna ta kammala, a rubuto mana mu ji wane launi ta fito. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.