Albasar Daji ta Ƙasashen Sanyi

Daga cikin dangin albasa da tafarnuwa akwai wata 'yar tsiro wadda ba a san ta a ƙasarmu ba, alhali kuwa ma'abota ilmin tsirrai sun tabbatar cewa ita kaɗai ce a zuriyarsu take fitowa don kanta a Turai da Asiya, har da Amurka ta Arewa. Wani shaihin malami na ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya raɗa mata suna Allium schoenoprasum a shekarar 1753.

Ɗabi'arta ta saɓa wa ta albasar da muke nomawa a fadama, domin ita ba ta damu da yin kai ba. Ɗan kan da take yi siriri ne, tsawonsa bai wuce santimita 3 ba, kuma ba ya zama shi kaɗai, sai dai su cunkushe wuri guda. Albarkarta duka tana ga ganye, wanda yake siriri mai rami a ciki kamar lawashi, yana kaiwa santimita 30 zuwa 50. Idan sanyi ya wuce sai ta fid da fure mai launin shunayya, guda 10 zuwa 30 a dunƙule bisa kan kara ɗaya, ƙudan zuma na rububinsa, ko da yake warin farar wutar da ke jikin ganyen yana korar waɗansu ƙwarin.

Mazauninta kuwa, galibi inda sanyi da laima suka haɗu ne: gaɓar kogi mai tsakuwa, da makiyaya mai danshi a duwatsun Alfas, da filayen Saibiriya, da bakin manyan tafkunan Kanada. Da hunturu ya kama, ganyen ya bushe ƙamas, sai kan ya kwanta cikin ƙasa ƙarƙashin dusar ƙanƙara har wata da watanni, sa'an nan ya sake tohowa. Wannan kuwa hikima ce ta Mahalicci wadda ta ishi mai hankali abin lura.

Amma lalle ne mai tsinkar ganyenta domin ci ya yi hattara, domin a Amurka akwai wani tsiro mai dafi da ke kama da albasar daji, yana kashe tumaki har da mutane. Abin da masana suka yi umarni da shi shi ne a murza ganyen a shinshina; in ba a ji warin albasa ba, to, a yar da shi, a wanke hannu.