Ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki: mu kula da ƙoda

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi mai ciwon sukari wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da kuma masu jinyarsa a gida.

Sukari in ya daɗe da yawa cikin jini, yakan lalata jijiyoyin jini. In jijiyar ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, sai ɓarin jiki ya shanye. Ɓarnar nan ba ta tsallake ƙoda, domin ƙoda kamar rariya take, tana tace jini, tana fitar da dauɗa cikin fitsari. Sai dai takan yi shekaru tana lalacewa mutum bai ji ciwo ba. Kafin ƙafafu su kumbura, ɓarna ta yi nisa.

Ga inda muke so a natsu. Ƙoda ce ke fitar da ragowar magunguna da yawa daga jiki. In ta raunana, magani yakan daɗe cikin jini. Ƙwayar glibenclamide ko allurar insulin da ta yi wa mutum daidai bara, bana tana iya fin ƙarfinsa, balle ga maras lafiyan da haɗiya ke yi wa wuya, wanda ludayi biyu na kunu ke isarsa. Sai sukarinsa ya faɗi ƙasa da giram 0,70 cikin litar jini: zufa, makyarkyata, ruɗewa, har suma. Wanda harshensa ya yi nauyi kuwa ba ya iya faɗin abin da yake ji, dangi su zaci shanyewar ce ta komo, alhali sukari ne ya faɗi.

In yana farke kuma yana iya haɗiya, a jiƙa masa ƙwarar sukari 3 a ruwa ya sha. In ya suma, kada a ɗura masa kome, don kada ya shaƙe. Ko ya farfaɗo, a gaggauta kai shi gidan likita.

Saboda haka awon sukari kaɗai bai isa ba. Aƙalla sau ɗaya a shekara a nemi awon jini na kireyatinin da awon fitsari, don a san ƙarfin ƙoda. Da sakamakon ne likita zai rage magani ko ya sake shi. Ita metformine ma dakatar da ita ake yi in ƙoda ta yi rauni sosai. Kada dangi su rage ko su ƙara da kansu.

Abin da ya fi damunmu shi ne maganin ciwon gaɓoɓi na masu talla a kasuwa, irin su diclofénac da ibuprofène. Kafaɗar da ta shanye takan yi ciwo, dangi su saya don tausayi, ƙwayoyin kuwa suna ƙara raunana ƙoda. A rage gishiri da magi a miya, a riƙa auna hawan jini. Wankin ƙoda sai a manyan asibitoci, kamar na Yamai, kuma sau biyu ko uku ake yinsa kowane mako.