Ina Glenn Miller Ya Shiga?

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya: wane ne Glenn Miller, kuma yaya aka yi ya ɓace?

To, malam, Miller Ba'amurke ne, jagoran babbar ƙungiyar mabusa da makaɗan salon swing da ta girgiza gidajen rawa da kiɗan "In the Mood" a 1939. A 1942, kasuwarsa na tsakiyar ci, ya ajiye komai ya shiga soja don nishaɗantar da dakaru.

Ranar 15 ga Disamba, 1944, ya hau ƙaramin jirgin sama daga Ingila zuwa Faris. Jirgin ya ɓace a sararin mashigin tekun da ya raba Ingila da Faransa. Jita-jita babu irin wadda ba a yi ba, amma har yau ba a gano tarkacensa ba.